Ƙarƙashin Rufi Ɗaya

Da aka kashe wani attajiri a gidansa, majalisar Rum ta nemi fatawar wani tsohon masanin shari'a.

"Dokar kakanninmu a fili take," in ji shi. "Duk bawan da ke ƙarƙashin rufin nan, kisa ne."

Wani dattijo ya ce, "Haba Malam, har da yara?"

"Doka ba ta san yaro ba."

Washegari aka wuce da bayin ta ƙofarsa a ɗaure. Wata baiwa da ya sayar wa attajirin shekarun baya ta ja ta tsaya, riƙe da hannun wani saurayi mai goshi irin nasa sak.

"Ranka ya daɗe, kai ka koyar cewa ɗan baiwa bawa ne. To, ga naka nan. Kalle shi da kyau."