Tsohon da Aka Ajiye a Ƙarshen Layi

Wata biyar ke nan babu maigidana, kuma tun da ya rasu babu wanda ya san inda makullan ruwan unguwarmu suke binne. Shekara talatin yana gyaran famfo. Idan bututu ya fashe, sai ya je ya tsaya a wurin da babu wata alama, ya ce a haƙa nan, a haƙa kuwa a samu. Bai rubuta ba, ba a kuma tambaye shi ba. Wanda ya rage da wannan sani shi ne abokin aikinsa, Baba Jatau, shi ma ciwo ya kwantar da shi tun azumi.

Ranar Asabar ɗan ƙanena Nazifi ya shigo mini da takarda. Shi da abokansa, malaman makaranta da ma'aikata, za su riƙa zaman karatu duk Lahadi don su fahimci yadda gari yake tafiya da yadda ƙungiyoyi suke aiki. Na yi murna har na ɗauko tabarau. Makon farko wani dakta ne zai yi jawabi, na biyu tsohon kansila, na uku shugaban 'yan kasuwa. Na yi ta bi da yatsa, sai can ƙasa, a mako na goma sha huɗu, na ga sunan Baba Jatau. Na tambayi dalili. Ya ce ba zai yi kyau a sa mai gyaran famfo gaban dakta ba, manya za su ji haushi, kuma zama uku suka yi kafin su daidaita jerin. Ni karatuna bai wuce firamare ba, amma na ce masa ya nemi wuri ya zauna, na ba shi wannan misali.

An yi wani gari a gindin tudu. Duk shekara kafin ruwa ya sauka, wani tsohon magini yakan saɓa fartanya ya zaga bayan gari, ya buɗe nan, ya toshe can, ruwan tudu ya bi ta bayan gidaje ya zube a kududdufi. Mutane su ce masa sannu da aiki, su wuce. Wata shekara manyan garin suka yanke shawarar su riƙa zama bayan la'asar su koyi yadda garinsu yake. Shawarar ba ta da aibi. Amma al'adarsu ita ce ƙarami ba ya magana sai na gaba da shi ya gama, don haka aka cinye rani ana gardamar wa zai fara, a ƙofar gidan wa za a yi shimfiɗa, wa zai hau buzu, wa zai zauna a tabarma. Sau biyu tsohon yana zuwa da fartanyarsa. Ya ce shi ba jawabi ya iya ba, mutum uku kawai yake so su bi shi su gani da idonsu. Aka ce masa, "Baba, yi haƙuri, layinka na zuwa."

Layinsa ya faɗa bayan girbi, shi kuwa ko damina bai kai ba ya rasu. Da aka yi ruwa na uku, ruwan tudu ya sauko ya tarar da hanyarsa a cushe da ƙasa, ya miƙe cikin gari. Manya suka fito da riguna a naɗe. Sun san wanda ya kafa garin, sun san sarautu daga sama har ƙasa, amma babu wanda ya san inda za a kafa fartanya. Suka haƙa ta gabas, ruwa ya juya ya kwashe rumbunan yamma. Suka ruga yamma, ya rushe katangar masallaci. Kafin ruwan ya janye, rabin garin yana kwana a ƙarƙashin itatuwa.

Da na gama, Nazifi ya sosa ƙeya ya ce, "Gwaggo, ai mun riga mun buga takardar, an raba." Ya ce zai dai kai maganar gaban kwamiti, wanda zai zauna nan da mako biyu. Na dube shi. Mutumin da ko kunu ba ya iya shanyewa, shi za a ce ya jira kwamiti?

Na ce masa su yi ta zama. Ni na fita takaba, ƙafata lau. Gobe da hantsi zan tafi gidan Baba Jatau da littafi da biro, ya faɗa in rubuta, lungu lungu, da rubutun nan nawa mai kama da tafiyar kaza. Wanda yake son ya san yadda gari yake tafiya, ya same ni can. Masu iya magana sun riga sun gama mana: ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku taya ni addu'a. Allah Ya jiƙan maigidana, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Baba Jatau lafiya da tsawon numfashin da zai faɗa mana abin da ya sani. Amin.