Talaucin Mai Jirgi

Mai tumatir na hango shi ta ninka kuɗin kashi. Haka kasuwar nan take yi wa mai bishara tun ranar da ƙungiyarsu ta turo shi ƙasar, shi da matarsa da 'yarsu. Da yake a jirgin sama ya zo, sai aka laƙaba masa Mai Jirgi. Kafin wata ya zagayo, rabin gari ya yarda jirgin ma nasa ne.

Majami'a ta cika maƙil. Wa'azi dai a taƙaice ake son sa, domin ainihin ibadar sai an tashi take farawa, a layin ƙofar gidansa. Wannan rufin ɗakinsa na yoyo, wancan surukarsa ba lafiya, kuma surukar nan sau biyu tana rasuwa.

Ana nan, ƙungiya ta daina aike. Tukunya ta fara kwana a kife. Ya tsaya gaban jama'a ya ce wallahi ba shi da ko sisi.

"Kun ji tawali'u!" in ji babban dattijon majami'a, aka ɗau tafi.

Takalminsa ya tsage, aka ce sai wanda ya ƙoshi ke iya yawo da irinsa. Ya rame, aka ce ai masu hali har biya suke yi a rage musu ƙiba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne 'yarsa, wadda ta daina tambayar yaushe za a ci abinci.

Wata Lahadi suna majami'a aka ɓalle ƙofar gidan. Ko cokali ba a ɗauka ba. Gari ya yanke hukunci: mutumin nan ya iya ɓoyo. Kafintan unguwa ya zo ya mayar da ƙofar, kansa a sunkuye, da aka yi maganar lada ya ce a bar shi kawai.

Washegari suka tarar da ƙullin shinkafa a bakin ƙofa. Bayan kwana biyu, mai da gishiri. Daga nan sai murfin tukunya, daidai bakin tasu da ba ta da shi.

"Maigida, ko wane ne wannan, ya san kicin ɗina," in ji matar.

Shi kuwa mu'ujiza ya kira abin. Ya yi wa'azi a kai har da hawaye, dattawa na gyaran murya ɗaya bayan ɗaya, kowa na so a zarge shi da alherin.

Ya ƙudura sai ya ga mutumin. Da sassafe ya laɓe a bayan ƙofa, yana jin an ajiye leda ya buɗe. Kafinta ne, zai juya ya gudu. Mai Jirgi ya riƙe hannunsa gam.

"Bawan Allah, na rantse a gaban gari guda, ba wanda ya yarda. Kai me ya sa ka gaskata ni?"

Kafinta ya sosa ƙeya.

"Ni ma ban yarda ba, Fasto, shi ya sa na ɓalle ƙofar. Na sha shiga gidajen mutane, amma naka ne kaɗai na fito ina kuka."