Tsayuwa a Bakin Zaure

Katafila ta iso ƙofar gidan wani tsoho, shi kuwa yana tsaye a bakin zaure, hannu na karkarwa, ƙafa ta ƙi ɗaguwa.

"Tsoho, kauce!" in ji jandarma. "Unguwar Zango duka za a rushe, ba gidanka kaɗai ba."

Sai ga wata likita ta ratso taro tana haki. "Ku yi haƙuri, ba gardama yake ba. Ciwo ne a ƙwaƙwalwa, shi ke kafe masa ƙafa."

Mu mun san ta. Tun tana ɗaliba take bin tsofaffinmu masu karkarwa gida gida, muna ce mata aljani ba ya jin allura, tana ce mana ba aljani ba ne. A wannan zauren ta fara gwada dabararta: a gitta sanda a ƙasa, ido ya gani, ƙafa ta tsallake, tafiya ta warware. Yau ɗalibanta sun kai wannan ilimi har biranen Bobo da Yamai.

Ta durƙusa ta gitta sanda a gabansa. "Bismilla, Baba. Tsallake."

Ya tsallake sarai. Jandarma ya ɗaga wa direba hannu.

Sai tsohon ya juya, ya sake tsallakewa, ya koma inda yake. Ya duƙa da ƙyar, ya ɗauki sandar ya miƙa mata.

"Aikinki ya yi kyau, ɗiyata. To faɗa musu da Faransanci: ta ɗazu ciwo ne. Wannan tsayuwar tawa ce."