Takalman Sabri

Feride Hanim ta sake shimfiɗa taswira a teburin Nusret Bey, ta danne gefenta da kofin shayi.

"Har yanzu ba a gyara gadar ba?"

"Har yanzu," in ji shi, yana kallon gefe.

Nusret yana da ɗan ofishin shirya tafiye-tafiye a bayan tashar jirgin ƙasa ta Sirkeci, a Istanbul. Dattijo ne kamili, sai dai akwai girman kai. Tun ranar da ya fitar da takalman marigayiyar matarsa bakin titi don mabuƙaci ya ɗauka, kamar yadda ake yi a garin in an yi rasuwa, bai sake ɗaga ido ya dubi mace ba. Sai da Feride ta shigo, bazawara daga unguwar Üsküdar, mai magana a hankali.

Abin da take so ba wuya: jirgin ƙasa daga Istanbul ya ratsa Bulgeriya, ya shiga Romaniya, har Köstence, garin da aka haife ta. Gado biyu a ɗakin kwana na jirgin. Ɗaya nata, ɗaya na Sabri.

Kullum Sabri. Likita ya hana Sabri jirgin sama. Sabri ba ya jure zaman mota, sai dai a kwance. Sabri yana son ganin tekun Köstence kafin sanyi ya shigo. "Tun yana yaro haka yake," takan ce tana murmushi, "in ya ƙwallafa rai a abu, shi ke nan."

Tun yana yaro! Wato tsohuwar soyayya ce ta farfaɗo. Nusret bai tambaya ba, mutum irinsa ai ba ya tambaya. Ya dai riƙa ƙera Sabri a ransa: dogo, mai furfura a gefen kai, mai yin tari na ƙarya don a tausaya masa.

Ambaliya ta cinye gada a Bulgeriya, wannan gaskiya ne. Amma akwai wani ƙaramin layin dogo da ke zagayawa, a sauya jirgi a hanya, a isa. Nusret ya san shi kamar tafin hannunsa. Ya ɓoye mata. Shi zai shimfiɗa wa wani ƙato gado kusa da ita? Ina!

"Mu ƙara haƙuri, Feride Hanim. Mako mai zuwa."

Mako ya zo ya wuce, wani ya biyo. Tana zuwa, suna shan shayi, yana jin daɗin zuwan. Ta rame, shi kuwa ya ce a ransa son Sabri ne ke cin ta, kishin ya ƙaru. Rannan ta ce, "Don Allah, ko ta wace hanya ce, ba ma ƙi." Ya gyara tabarau, ya girgiza kai.

Daga nan ta daina zuwa.

Hankalinsa ya tashi. To ko sun samu wani ya haɗa musu tafiyar? Ya zauna ya tsara hanyar zagayen tsaf, ba don tausayi ba, don ya samu dalilin zuwa ya ga wannan Sabri da idonsa. Ya sa kwat ɗinsa mai kyau, ya tsallaka ruwa zuwa Üsküdar da hantsi.

A ƙofar gidanta ya gan su: takalman namiji, baƙaƙe, sun sha goga, bakinsu na kallon titi. Jininsa ya tafasa. Ashe har gida yake kwana, ko kunyar maƙwabta babu. Ƙamshin soyayyen man shanu da gari na fitowa ta taga, ana tuƙa halwa, alewar da ake raba wa jama'a. Har da liyafa ke nan.

Ya ƙwanƙwasa da ƙarfi.

Feride ta buɗe, kanta a rufe, idanunta sun kumbura. Ta dubi takardar hannunsa.

"Na samo hanya," ya ce a daƙile, yana nuna takalman da haɓa. "Sai ki faɗa wa mai waɗannan ya shirya."

Ta daɗe tana kallon takalman kafin ta ɗago.

"Allah ya saka maka, Nusret Bey, ka sha wahala a kanmu. Ƙanena Sabri ya yi ta tambaya ko ka samo hanyar da zai kai ga kabarin mahaifiyarmu, har shekaranjiya da ya cika."