Ƙaton Shafin Malam Ɗahiru

Malam Ɗahiru ba ya sa tabarau. A cewarsa tabarau na tsofaffi ne, shi kuwa sittin da biyu ne kacal. Saboda haka duk Laraba in ya shiga shagon intanet na Lawan a Gyadi-Gyadi, sai ya yi ta danna wurin ƙara girman shafi har kowane harafi ya kai ƙosai.

Sau ɗaya Lawan ya yi karambanin gaya masa cewa injinan nan suna da hali, in an kumbura shafi, abin da aka jawo ba lallai ya sauka inda kibiya ta nuna ba. Malam Ɗahiru ya tambaye shi ko an haife shi lokacin da shi yake buga takardun sakatariya da tafireta, tun soja ba su koma bariki ba. Lawan, uban 'ya'ya huɗu, ya koma kan kujerarsa.

'Yarsa Husaina ce ta buɗe masa akwatin saƙo kafin ta tafi aikin jinya a Jidda. Ita kaɗai ta rage masa tun rasuwar uwarta. Ta jera masa sunayen dangi a gefen shafi, har da waɗanda bai ce a saka ba, ta nuna masa yadda zai rubuta wasiƙa, ya kamo ta da linzamin kwamfuta, ya ja ta kan sunanta, ya saki.

Komai rubuta mata yake. Gidan Tarauni ya yi masa girma. Tuwon saye ba shi da albarka. Yana cin abinci rediyo na kunne don ya ji muryar mutum. Ran nan ma ya bi ta Darmanawa, ya tsaya a ƙofar gidan ƙanensa Haruna, wanda rabonsu da gaisawa shekara goma sha ɗaya, kan maganar da shi kansa ya manta farkonta, sannan ya wuce. Amma kada ta gaya wa kowa.

Amsa tana zuwa, amma wace irin amsa? Layi ɗaya. “Na gani. A riƙa shan magani.” “A rage goro.” Ba Baba, ba gaisuwa. Haruffan sukan cika allo har su ture saman shafin inda sunan mai aikowa yake, shi kuwa ba ruwansa da abin da ke sama. Ya kai wa Lawan ƙara, wai ka sa yarinya a makaranta, ta juyo tana ba ka umarni kamar likita. Duk da haka sai ya karanta kowace amsa sau uku yake tashi.

Da aka cika wata takwas, ya ga lokaci ya yi da yarinyar nan za ta san ubanta tsohon ɗan duniya ne. Ya zauna ya tsara ciwo mai kyau. Ƙafa ta kumbura, numfashi sama-sama, maƙwabta sun fara leƙowa da fuskar ta'aziyya. In tana son ta same shi da rai, to. Ya ja, ya saki, ya fita ya ci tsire a tsaye.

Washegari ya koma ya tarar da amsa: “Ina zuwa gobe bayan la'asar.” Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Daga Jidda, a kwana ɗaya. Wa ya ce ƙaryar dattijo ba ta tayar da jirgi?

Ya share ɗakinta da hannunsa. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya naɗe ƙafa da tsohon rawani, ya gwada nishi iri uku ya zaɓi na biyu. Ya so ya bar gemunsa a hargitse, zuciya ta ƙi.

La'asar ta wuce, babu ƙarar mota. Ya kwanta, ya tashi, ya sake kwanciya. Can sai takun sanda a hankali, da sallamar namiji. Mai sallamar ya tsaya a bakin zaure da ledar magani a hannu, ya kasa shigowa.

“Yaya, ni ne, Haruna. Wasiƙun da kake rubuta wa Husaina duk a akwatina suke faɗowa, ni nake ba ka amsa. Na ji tsoron in na gaya maka ka daina rubutowa.”