Lamba Uku

"Yau sai sakatariyar nan ta bar aiki, Sufeto Nuhu. Zo ka gani da idonka."

Mahaman Ɗan Azumi, shugaban biro, wato ofishin ƙungiyar masu lambu ta Madarumfa, ya ja sufeton da aka turo daga Maradi zuwa tebur. Odinatar, wato kwamfuta, uku ne a ƙasa, gilashin kallo ɗaya a sama, sai ƙaramin akwati mai maɓallin murɗawa na zaɓen wadda za ta fito a gilashin: ɗaya, biyu, uku.

"Karta take bugawa a nan lokacin aiki. Da ta ji tafiyata sai ta murɗa, komi ya goge."

Sa'adatu sakatariya ta ce, "Ranka ya daɗe, murɗawa ba ta goge komi."

"Rufe mani baki! Da hannuna na gwada da safen nan."

Sufeto ya murɗa ɗaya, sunayen manoma ne. Ya murɗa biyu, takardar neman irin albasa ce.

"Ta ukun fa?"

"Tawa ce. Ba komi a ciki."

Ya murɗa. Wasiƙa ta cika gilashi, zuwa ga babban darakta a Yamai. Wai sufeto Nuhu malalaci ne, ba abin da ke kawo shi rangadi sai kifin tafki. A ƙasa an rubuta: Wani Mai Kishin Ƙasa.

Sufeto ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau.

"Madam, koma bakin aikinki, ki fiddo mani ita a takarda. Kai kuma, Mai Kishin Ƙasa, zo ka sa hannu. Kifin da ka sa mani a mota, a sauko da shi."