Inda Aka Binne Cibiya

Da ta iso bakin tafkin Edgbaston, sai ta tarar an kewaye wurin da kwano, an tuge bishiyar. A jikin shingen ga hoton gidajen da za a gina.

A gindin bishiyar nan ta binne cibiyar 'yarta shekara ashirin da biyar da suka wuce, don gidan hayarsu na unguwar Lozells ba shi da tsakar gida. Shekara shida ke nan da 'yar ta yi fushi ta tafi Manchester, ko waya ba ta ɗauka. Amma uwar ba ta fid da rai ba, ai mutum inda aka binne cibiyarsa yake komawa. Duk Juma'a a gindin bishiyar take zaman jira.

Maigadin, wani ɗan Arewa, ya ce, "Mama, an rufe nan, flats za a yi, gidajen bene."

"Ɗana, ƙasar da suka haƙe fa?"

"Tun Litinin ake kwashewa. Wallahi ban san inda ake zubarwa ba."

Ta bi wata tifa da kallo har ta sha kwana. To yanzu a ina za ta jira?